Kwalbar Tumba

Buhun albasa ba shi da ƙaya,
amma shi ya kayar da ni.
Ina kan katakon hawa tirela a Aliero,
na goma sha bakwai a wuyana,
katakon ya yi tsaki, ya goce,
na ji kafaɗata ta ce ƙas,
kamar an karya kara a gwiwa.

Labbo maɗori bai tambaye ni komai ba.
Ya kama hannun, ya ce in dubi gawon bayan danga.
Kafin idona ya gano gawon
ƙashi ya koma ɗakinsa,
ni kuwa na kira sunan uwata gatsal
a gaban mutane.

"Nawa ya ƙare," in ji shi,
"saura na Tumba."

Tumba yayarsa ce, ido ɗaya ya yi yana.
Man kaɗe ta narka a kasko,
citta mai yatsu, kimba, kanumfari ƙwaya tara,
ɓawon hano da ta daka tun kaka,
sai wata saiwa da na tambayi sunanta,
ta ce, "Jinya ka zo, ko satar sana'a?"

Tafin hannunta dutsen niƙa ne.
Ta faro daga wuya, ta gangaro,
ɗumi ya ratsa ni kamar kunun asuba.
"Kak ka shafa shi awa mai yaɓen ɗaki,
jijiya ba ta son gardama.
Ja numfashi har ya taɓa cibiya,
riƙe shi, ka ƙirga buhu biyar,
sannan ka sauke shi
yadda kake so a sauke maka kaya."

Kwana arba'in ta yanka mini.
Na yi sha tara.
Mai shago ya daina amsa gaisuwata,
motocin kudu suna ta lodi,
Jabbi, da ba ya ɗaukar rabin nawa,
ya wuce ni yana sakace da tsinken tsire.
Na koma da dare.
A buhu na uku na dawo gida
hannu cushe cikin riga.

Ba ta yi faɗa ba,
wannan ya fi kafaɗar ciwo.
Ta ɗaga kwalbar ta kanga ta da rana:
"Saiwar da ke cikin wanga mai
wata uku ta kwana a tukunya
kafin ta zan magani.
Kai mi ka fi ta?"

Muka koma ɗaya.

Kullum bayan sallar asuba
ina bayan rumbu, riga a ƙasa,
in murza man har tafi ya yi wuta,
in ja iska, in riƙe, in sauke,
in tura yatsu su hau bango kamar ƙadangare,
inda suka gaji in ja layi da gawayi.
Wata rana layin ya hau,
wata rana ya zauna kan na jiya,
sau biyu ma ya sauko.

Ƙarfi bai zo kamar ambaliya ba.
Kamar rijiyar rani ya yi mini:
ka kwashe ta da yamma har laka,
da safe ka tarar ta tara guga guda.

Da na kai mata kuɗi ta ture,
ta ce in kawo ƙananan albasa,
waɗanda 'yan kasuwa ke tsincewa su yar.

Yanzu na koma bakin tirela,
kwalbar na ɗaure cikin gammona.
Jiya wani sabon yaro, Dantani,
ya toshe hanci, ya ce ina ƙamshin dafa-duka.
Na ce ya ja numfashi har cibiya kafin ya ɗauka.
Ya yi dariya, ya saɓi biyu a guje.
Na ƙyale shi,
sai dai na je na taka gindin katakon
har ya sauko.